Ƙofar da Alhaji Maccido Ya Ɗora wa Gada

A bakin kwaltar da ta ratsa Taloka akwai rumfuna biyu na sayen albasa. Ɗaya ta Halilu ce, ɗaya ta Alhaji Maccido. Baƙo in ya zo, rumfar Alhaji yake fara nufa, don ita ce mai fenti, ita ce mai kujera, kuma ita ce mai Alhaji a ciki, cikakken mutum mai babbar riga da muryar da ba ta neman lasifika. Ɗan gari kuwa sai ya gaida Alhaji cikin ladabi, ya kora jakinsa ya wuce wurin Halilu.

Dalilin bai ɓoyu ga kowa ba sai ga Alhaji. Tun da ruwan dam ya fara bin kanal, wato babbar hanyar ruwan da ta raba gari da gonakin rani, manoma suke shan dogon zagaye da kayansu kafin su sami wurin tsallakewa. Kan su iso kwalta, mutum da dabba duk sun jigata. Halilu, mutum marar yawan magana, ya gina wurin shan ruwa na siminti a gindin dalbejiya, yana zuba wa dabbobi ɗan dusa da kanwa, masu su kuma su sami randa mai sanyi da inuwa. Alhaji ya ce asiri ne. Ya yi shekaru yana neman malamin da ya yi wa Halilu aikin.

Ana nan sai aka kira taron 'yan kasuwa a Sakkwato, Alhaji ya je ya zauna a sahun gaba. Wani saurayi mai kwat ya yi dogon bayani a kan yadda kamfani kan hidimta wa al'ummar da yake cikinta, ya tambaye su damuwarsu, ya share musu hawaye, su kuma su riƙe shi da amana da ciniki. Wajen tambayar damuwa barci ya ɗan ɗauki Alhaji. Ya farka daidai lokacin da aka nuna hoton wata rijiyar burtsatse da ƙaton allo a kanta, ɗauke da sunan wanda ya haƙa. Wannan allon ne ya biyo shi har gida.

"Turai, na gano asirin Halilu," in ji shi ga matarsa tun kafin ya cire takalmi. "Ashe abin ga suna gare shi. Hidimar kamfani ga al'umma aka ce mai. Ka yi alheri, a san ka, ciniki shi biyo baya. Shi ruwan jakkai yab ba su. Ni gada za ni yi musu bisa kanal, ta sauko daidai bakin rumfata."

Turai ta ci gaba da tankaɗe. "Alhaji, wane kamfani kuma? Kai da kujera guda?"

"Yau anka haihe shi. Maccido da Ɗiyanai."

"To, Allah shi raya. Ka shawarci manoman?"

"Mai kyauta ba shi tambaya, Turai. Tambaya ta mai roƙo ta."

Washegari ya aika aka kira Baba Mode, sarkin noman yankin, dattijon da ya ga zuwan dam da idonsa. Baba Mode ya ji batun gada, farin ciki ya kama shi sosai, don gwiwoyinsa sun san zagayen nan fiye da kowa. Ya yi addu'a, ya kuma yi alkawari a madadin manoma: in gada ta tsaya, duk albasar da ta hau ta ranar buɗewa, rumfar Alhaji za a kai ta. Alhaji bai jira tsohon ya kai ƙofar gida ba, ya ɗaga waya ya kira babban mai sayensa na Kudu, mutumin da ya riga ya fara ƙorafin cewa motarsa na komawa rabi. Ya rantse masa cewa wannan karon ya turo tirela, za ta koma tana nishi. Mutumin ya ce ya ji, amma in ta dawo wayam, to, kada Alhaji ya ƙara neman lambarsa.

Maginin da Alhaji ya ɗauko daga Wurno sunansa Attahiru, gwani ne wajen ƙofar gida mai ado. Duk wani mai kuɗi da ke son a san ya yi kuɗi tun daga titi, Attahiru yake kira.

"Ɗana, ka taɓa gina gada?" in ji Baba Mode.

"Baba, gada ai ƙohwa ta da anka kwantar."

"Ka ji magana," in ji Alhaji. "Irin mutanen da nika so ke nan."

Aka kira gayya don haƙa tushe. Mutane suka fito da fatanya da shebur, sun san al'ada: mai gayya shi ke da tuwo da fura. Suka yi aiki har rana ta take, ana ta waiwayen hanyar gidan Alhaji ko za a ga 'yan mata da ƙwarya. Da azahar sai ga Alhaji da ƙaton kwali a bayan mashin. Jama'a suka wanke hannu suka zauna. Aka buɗe kwali, huluna ne, kowace da hoton Alhaji yana murmushi.

"Alhaji, da miya aka cin su ko da nono?" wani ya tambaya daga baya.

"Tuwo yanzu za ku ci, gobe ku manta," in ji Alhaji. "Hula ko tana bisa kanku hal baɗi."

Mutane suka sa huluna, suka saɓa fatanya, suka nufi gindin dalbejiyar Halilu shan ruwa. Alhaji ya bi su da kallo cikin jin daɗi, yana cewa ko a rumfar abokin hamayya ma yau fuskarsa ce ta fi yawa.

Bayan wannan sai maganar zuba ginshiƙan gada ta taso. Attahiru ya ce siminti ba ya kamawa cikin ruwa mai gudu. Alhaji ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya sa leburori suka tare kanal da buhunan yashi, ba tare da ya gaya wa ko da kare ba. Kafin la'asar ruwa ya cika ya tumbatsa, ya haura ya shiga gonakin sama, tattasai ya koma yana iyo. Gonakin ƙasa kuwa, masu jiran rabonsu na ruwa a ranar, suka bushe ƙayau. Sai ga manoman sama da manoman ƙasa, waɗanda ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba, sun haɗu a ƙofar rumfar Alhaji.

"Alhaji, mi munka yi maka?" in ji Baba Mode, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Baba, alheri nika yi muku."

"Rabinmu ka ba su ambaliya, rabinmu ka ba su hwari, rana guda. Ko damina ba ta iya haka ba."

"To ai in anka haɗa anka raba, kowa ya samu daidai."

Da ƙyar aka lallashi mutane, aka janye buhunan, aka roƙi masu kula da ruwa suka nuna ranar da za a rage gudunsa. Alhaji ya raba sauran huluna a matsayin jaje. Duk da haka, abin mamaki, gada ta tsaya. Daɓe ne mai kyau, shimfiɗaɗɗe, mai faɗin da jaki biyu za su gifta juna. Baba Mode ya taka ta, ya buga ƙafa, ya ce alhamdu lillahi, a buɗe gobe. Da Alhaji ya tsaya a nan, da yau wani labarin ake bayarwa.

Amma Alhaji ya zagaya gadar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya dawo fuska a murtuke.

"Attahiru, ina sunana?"

"Sai a rubuta ga gehe, Alhaji."

"Ga gehe? Kihi za shi karanta? Ƙohwa nika so bisa gadag ga, irin wadda ta hi ta gidan kowa. Mutum shi shiga ta ƙarƙashin sunana, shi hita ta ƙarƙashin sunana."

Idon Attahiru ya yi haske, an zo fagensa. Ya ce ƙofa mai daraja sai da ginshiƙai masu kauri, kuma babu inda za su tsaya sai a kan daɓen. Aka tayar da ginshiƙi a dama, aka tayar a hagu. Alhaji ya ce sun rame, kamar ba a ƙoshi a gidan mai su ba. Aka ƙara musu kauri. Ya ce a yi musu ado da tayil. Kowane ado ya ci ɗan taƙi daga hanya, gada tana tsukewa, ƙofa tana ƙiba.

Sai allo. Da farko wani maƙeri ya yanko ƙarfe mai layi ɗaya: Kamfanin Maccido da Ɗiyanai. Alhaji ya kwana da tunani, ya ce a ƙara Garkuwan Manoma. Wani maroƙi ya kira shi Inuwar Talakawa a wurin ɗaurin aure, ya ce a ƙara. Ya tuna ya je Makka sau biyu, ya ce wannan ma jama'a na da haƙƙin sani. Da yake Attahiru ya riga ya rufe saman ginshiƙai da kwalliya, duk sabon layi ƙasa yake saukowa.

Baba Mode ya zo ya tsaya yana kallo, hannu a haɓa. "Alhaji, ka gwada ta da dabba?"

Alhaji ya baza babbar rigarsa, ya gyara hula, ya ratsa ƙofar da taƙama, ya juyo ya sake ratsawa. "Ka gani? Ko gehen rigata bai taɓa ba. Inda Alhaji Maccido yaw wuce, wace dabba ta za ta ce ta hi ƙarhin wurin?"

"Dabba dai da kaya taka tahiya."

"Baba, kai noma kas sani. Bar muna harkar kamfani."

Attahiru ya ce a ba simintin da ya riƙe allon kwanaki ya sha iska. Amma tirela ta riga ta iso daga Kudu, ta yi fakin a bakin kwalta, direban yana ta duba agogo. Alhaji ya ce siminti ya sha iskar ranar buki, ta fi albarka.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka zo daga Goronyo da Rabah da Kagara. Ga masu kalangu, ga maroƙi da lasifikar haya mai yawan tari. A tsallaken kanal manoma suka yi dogon layi da jakuna da raƙuma, kowa da buhunan albasarsa, kamar yadda Baba Mode ya alkawarta. Alhaji ya yi jawabi a kan alheri, ya ce danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ya maimaita sau da yawa, yana kallon tirela. Aka yanke kirtani, aka yi tafi.

Jakin farko ya tako da mangala cike dam a gefe da gefe. Kansa ya shiga, wuyansa ya shiga, mangala ta ce ba da ita ba. Mai jakin ya tura ta baya, wasu suka ja ta gaba, jaki ya kafe ƙafafu ya fara kuka. Da aka matsa, sai igiyar mangala ta tsinke, albasa ta watse a kan daɓe tana gangarawa cikin kanal, tana bin ruwa a jere. Jakin ya ji sauƙi, ya ratsa ƙofa tsirara, ya tsaya a gaban manyan baƙi yana kaɗa kunne.

"An yi sadaka ga ruwa," in ji Alhaji da ƙarfi. "Haka aka buɗe gada ga manyan ƙasashe. Dama jakin ga na san shi, ɗan gidan Halilu na. A kawo raƙumi."

Raƙumin da ke gaban ayari na Jelani ne, wani dogon mutum mai rawani wanda ya fi yarda da raƙuminsa a kan yawancin mutane. Raƙumi ne tsoho, ƙato, an ɗaura masa buhuna har sun haura tozo, sauran raƙuman kuma an ɗaure akalarsu a bayansa ɗaya bayan ɗaya. Kayan raƙumi sama suke tafiya, saboda haka faɗi bai dame shi ba. Jelani ya ɗaga kai ya dubi allo, ya dubi kaya.

"Alhaji, ba shi shiga."

"Shina shiga."

"Alhaji, layin Makka ya sauko da yawa."

"Kada ka taɓa min Makka. Ja shi."

Jelani ya ja. Raƙumi ya sunkuyar da wuya ya shige, buhunan sama suka daki allo, ƙarfe ya yi ƙara. Ba gaba, ba baya, don na bayansa sun riga sun hau gada. Jelani ya ce bari ya durƙusar da shi a sauke buhu biyu. Ya ja akala ƙasa, raƙumi ya yi gurnani, ya zube a kan gwiwoyinsa ya ɗan zame gaba, kayan suka koma daidai ƙarƙashin allo.

Nan Alhaji ya ga abin da bai taɓa mafarki ba. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, ku shaida. Raƙumi ya durƙusa ma sunana."

Maroƙi ya ga abin nema ya samu. Ya ruga da lasifika har kusa da kunnen raƙumi, ya cika ƙirji zai yi kirari, masu kalangu suka saki kiɗa gaba ɗaya. Lasifikar ta saki wata irin ƙara mai tsinka kunne.

Shi raƙumi da baya yake fara tashi. Ya ɗaga ƙugu a firgice, kaya suka ɗauki allo daga ƙasa, ɗanyen siminti ya saki. Ginshiƙin dama ya yi tunani kaɗan, ya kwanta cikin kanal da tayil ɗinsa. Na hagu ya bi ɗan'uwansa. Ruwa ya yi tsalle ya wanke sahun gaba na manyan baƙi, Alhaji yana tsakiyarsu. Raƙumi ya miƙe da Garkuwan Manoma da Inuwar Talakawa a gicciye bisa buhuna, ya fizge akala daga hannun Jelani, ya sauko daga gada da gudu, ayari na biye.

"Ku tare shi nan," Alhaji ke kira, ruwa na ɗiga daga hularsa. "Ga rumfata nan, nan za shi sauke."

Wa zai tare raƙumi mai ɗauke da ƙarfe a gicciye? Jama'a suka dare. Raƙumi ya wuce rumfar Alhaji ko kallo bai yi mata ba, ya wuce tirela, ya hau kwalta ya nufi inda ƙafarsa ta saba, inda ruwa da kanwa suke. Da ƙofa ta tafi kuma, sai gada ta koma shimfiɗaɗɗiya kamar ranar farko. Jakuna suka ga hanya ta buɗe, suka antayo biyu-biyu da mangalolinsu, suka bi raƙuma. Manoma suka bi dabbobinsu, 'yan kallo suka bi manoma, masu kalangu suka bi 'yan kallo, don maroƙi ba ya zama inda babu mutane.

Kafin Alhaji ya isa yana haki, riga na manne da jiki, raƙuma sun durƙusa a gindin dalbejiya, an kwance kaya, buhuna sun yi tsibi a gaban Halilu. An jingine allon a jikin bishiya, kai a ƙasa.

"Baba Mode, ina alkawari? A ɗora kayan ga a maido su rumfata."

Baba Mode ya sunkuyar da kai, ya ji kunya da gaske. "Alhaji, mu niyyarmu gare ka ta. Amma kai ma ɗan kasuwa na, ka san al'ada. Kaya in sun sauka ga rumfar mutum, ba a ɗaga su sai in ciniki ya ƙi."

Kowa ya juya ya dubi Halilu. Halilu ya ce shi bai kira kowa ba, amma wanda Allah ya kawo ba ya korar shi. Ciniki kuwa bai ƙi ba. Ana cikin haka sai aka ji tirela ta tashi. Direban ya matso da ita a hankali har gindin dalbejiya, ya leƙo ta taga ya ce shi albasa aka aiko shi ɗauka, ba a gaya masa sunan rumfa da ƙarfi ba.

Halilu ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. "Alhaji, Allah shi saka. Gadag ga ta rage ma mutane wahala ƙwarai."

Alhaji ya karɓa ya sha, don ƙishirwa ba ta san hamayya ba. Ya mayar da moɗa, ya juya ya nufi gida.

Da yamma yana zaune a tsakar gida, babbar riga na shanye a kan igiya, yana bayyana wa Turai cewa in aka duba da kyau shi ya ci riba, tunda babu kamfanin da raƙumi ya taɓa yi wa talla a kan kwalta. Sai aka yi sallama. Baba Mode ne da dattawan manoma, sun zo godiya, kuma godiyar ta gaskiya ce, don tun azahar mata da tsofaffi suke tsallake kanal cikin sauƙi suna sa wa mai gada albarka. Suka ce ba za su zo hannu rabbana ba. Suka ajiye ƙaramin kwando a gabansa, cike da albasar jakin farko da aka tsamo daga ruwa can ƙasa, tana ɗiga.

"Ita ɗai ta rage ba ta sauka wurin Halilu ba," in ji Baba Mode. "Munka ce alkawari alkawari na."

Alhaji ya dubi kwandon. Turai ta fito ta gaida baƙi, ta ɗauki ɗaya ta latsa ta da yatsa.

"Jiƙaƙƙiya ta, ba ta kwana," in ji ta. "Alhaji, a sa ma kamfani ita ga miya yau, ko a jira tirela?"